Daga Samaru Zuwa Daura: Sirrin Da Aka Tona a Kan Tabarma

Makon jiya kun ji ni shiru, to ga dalili: Abbanmu ne ya kwashe mu kaf, mu shida har da Umma, ya zuba a tsohuwar 406 ɗinsa, muka nufi Daura.

Tafiyar ba ta zo a lokacin da kowa ke cikin walwala ba. Ƙanina da ke SS2 ya karɓo sakamakon zango na uku, lissafi ya kayar da shi warwas. Abba ya duba takardar, ya ninke, ya miƙa masa, bai ce uffan ba. Duk wanda ya san iyayenmu ya san gara faɗa sau goma da irin wannan shirun. Sati biyu yaron nan yana zillewa, in ya ji ƙarar motar Abba sai ya bi ta ƙofar baya. Ana cikin haka aka yi wa Abba waya cewa amininsa, wanda suka yi Kwalejin Barewa tare, ya samu shanyewar ɓarin jiki, an mayar da shi ƙauyensu kusa da Daura. Shekara tara rabon su da ganin juna. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zumuncin gidanmu ya koma na waya, amma wannan karon Abba ya ce ko da bashi sai an je, kuma ba za a bar kowa a gida ba.

Ana gobe tafiya muka shiga kasuwar Sabon Gari ni da Umma, muka sayo tsaraba: sabulu, sukari, turmin atamfa ɗaya da gidan sauro biyu. Na yi mata dariyar gidan sauron, ashe ta fi ni hangen nesa.

Muna idar da sallar asuba muka tashi, domin dokar Abba ita ce ba ya tuƙin dare. Daga Kwangila muka ɗauki hanyar Kano, muka wuce Tashar Yari da Kwanar Ɗangora, a Kura muka ratsa fadamun shinkafa kore shar, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke ciyarwa ko da rani. Autarmu mai shekara shida ta tambayi "mun iso?" ya fi a ƙirga. Bayan Kano sai Dambatta, sai Kazaure. Ku duba taswirarku: a wuni guda mun taka jihohi huɗu, Kaduna da Kano da Jigawa da Katsina. Darasin labarin ƙasa da na haddace don jarrabawa na manta, sai ga shi yana wucewa ta tagar mota.

Gab da Kazaure taya ta yi faci. Da aka fito da safaya, ita ma ba iska. Muka yi kusan awa biyu a gindin darbejiya muna cin dafaffen ƙwan zabi, ni kuma na hau acaɓa da taya a cinya ina neman mai faci. Ƙanina duk wannan bai ce komai ba, ya toshe kunne da waya.

La'asar sakaliya muka isa. Ban taɓa ganin Abba ya yi hawaye ba sai ranar. Baba, kamar yadda muke kiran amininsa, yana zaune a kujera, hannun hagu a kwance bisa cinya, maganarsa tana fita a hankali, amma da ya ɗago ya kira Abba da wani sunan tsokana na makaranta da ba mu taɓa ji ba, sai duk gidan ya kwashe da dariya. An kawo fura da nono a ƙwarya, da tuwon gero miyar kuka, muka ci har muka kasa tashi.

Ɗakuna ba su isa ba, ga baƙi 'yan dubiya. Mata suka shige ciki, mu maza aka shimfiɗa mana tabarmi a tsakar gida, muka ɗaura gidan sauron Umma a jikin turakun rumfa. Ba wutar lantarki, ba sabis sai an hau kan tudun bayan gida. Ga ƙamshin ƙasar damina, ga kukan kwaɗi, ga taurari birjik irin waɗanda fitilun Samaru ke ɓoye mana. Aka hura wuta ana gasa masara, aka fito da Baba ya zauna tare da mu.

A nan ne ya tambayi ƙanina ajinsa da yadda jarrabawa ta kasance. Yaro ya sunkuyar da kai. Baba ya gane, ya yi murmushi da gefen bakinsa mai motsi, ya ce, "Ɗana, ashe gado ka yi. Tambayi wannan da ke zaune sau nawa ya zauna jarrabawar WAEC saboda lissafi."

Tsit muka yi. Abba ya ce, "Haba Malam, a gaban yara?" Baba ya ce ai shi ya sa ya faɗa. Ya ba mu labarin yadda Abba ya faɗi a karon farko, ya ɓuya a gidansu na tsawon hutu don kunyar komawa gaban mahaifinsa, da yadda su biyun suka yi ta bitar tsofaffin tambayoyi da fitilar ƙwai har ya ci a karo na biyu. Ni da nake aji biyu a jami'a, ban taɓa jin wannan ba. A wurina Abba mutum ne da aka haifa da satifiket a hannu. Ina ganin iyayenmu na ɓoye mana faɗuwarsu don kada mu raina su, alhali mu abin da ke karya mana gwiwa shi ne zaton ba su taɓa faɗuwa ba.

Wajen ƙarfe biyun dare hadari ya taso, muka kwashi tabarmi a guje zuwa zaure, muka ƙarasa kwana a takure tare da wata akuya da ta riga mu shiga.

Kashegari muka shiga cikin gari ganin rijiyar Kusugu, wadda yanzu an kewaye ta da gini. Ku da ke karanta tarihi kun san labarin: macijiyar da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙo Bayajidda da ya kashe ta ya auri sarauniya Daurama, har aka samu Hausa Bakwai, ciki da Zazzau tamu. Malaman tarihi da dama suna ɗaukarsa labarin asali ne da aka gada baki da baki, amma rijiyar tana nan, an jawo mana ruwa da guga mun sha. Auta ta ƙi leƙawa, wai macijiyar ba ta mutu ba.

Kwana uku muka yi. Da za mu taho, Baba ya sa aka loda mana damin gero da zabi biyu a but, ya riƙe hannun ƙanina da hannunsa mai lafiya, ya ce yana jiran waya ranar da sakamako ya fito. Umma ta ce bayanta na ciwo, gara ta koma kujerar baya ta jingina, ƙanina ya dawo gaba. Mun kusa Dambatta na ji yana cewa a hankali, "Abba, wai da gaske sau biyu?" Abba ya rage sautin rediyo.