Sharhi: Motar Ruwa-Biyu, Aljihu Ne Ke Zaɓe

A ranar 29 ga watan Mayun 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai kimanin naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama. Tun daga wannan lokaci mai sayen mota ya sauya tambayarsa ga dillali. A da ƙarfin inji da sanyin ciki yake tambaya, yanzu kuwa abin da yake fara son ji shi ne lita nawa take sha. Wannan tambaya ce ta fito da motar ruwa-biyu, wadda dillalai ke kira haibirid, daga lungun wurin sayar da motoci zuwa sahun gaba.

Ita dai wannan mota tana haɗa injin fetur da injin lantarki, tare da batir na musamman. Mafi yawan irinta ba a jona su da wuta. A duk lokacin da direba ya taka birki, ƙarfin da ke salwanta a motar gargajiya yana komawa batir, sa'an nan idan mota ta tsaya cikin cunkoso injin fetur yakan mutu da kansa, lantarki ya ɗauke ta idan hanya ta buɗe. Saboda haka wurin da sauran motoci suka fi ɓarnar mai, kamar gadar Third Mainland a Legas ko hanyar Nyanya zuwa Abuja da safe, nan ne ita ta fi tsimi.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Toyota ya fitar da Prius a Japan a watan Disambar 1997, Honda kuma ya biyo baya da Insight a 1999. A farkon shekarar 2017 Toyota ya sanar da cewa ya sayar da irin waɗannan motoci miliyan 10 a duniya, adadin da ya kai miliyan 15 a 2020. A shekarun farko an ɗauke ta a Amurka a matsayin motar masu rajin kare muhalli da taurarin fina-finai. Amma ba su ne suka kai cinikinta ga miliyoyi ba. Direbobin tasi ne da masu zirga-zirgar yau da kullum, irin na birnin New York waɗanda suka fara hawanta tun 2005, domin sun buga lissafi sun ga riba.

Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne. Bisa ma'aunin hukumar kula da muhalli ta Amurka, Toyota Camry ƙirar 2018 mai inji na gargajiya tana cin kimanin kilomita 13 da rabi da lita guda, yayin da 'yar'uwarta ruwa-biyu ke cin kimanin kilomita 22. A ɗauki misalin direban haya da ke tafiyar kilomita 30,000 a shekara. Da ta farko zai sha lita 2,200, da ta biyu kuwa kimanin lita 1,360. In aka ƙaddara lita a naira 900, ya tsira da fiye da naira 750,000 a shekara. Kamfanin da ke da motoci goma sai ya ninka. Amma ma'aikacin da ba ya wuce kilomita 8,000 a shekara, abin da zai rage masa kimanin naira 200,000 ne kawai, wanda zai ɗauki shekaru kafin ya mayar da ƙarin kuɗin da ya biya wajen saye. Ashe ke nan motar ba ta kowa ba ce. Ta mai yawan tafiya ce a cikin gari.

Dalili na biyu shi ne rashin dogaro da wutar lantarki. Mota mai lantarki zalla ta fi ta arhar tafiya, to amma tana bukatar wurin caji. A ƙasar da mutane fiye da miliyan 200 ke raba megawat 4,000 zuwa 5,000, wadda kuma babban layin wutarta ya durƙushe sau da dama a 2024, ɗan kasuwa ba zai ɗora jarinsa kan alkawarin kawo wuta ba. Ko a ƙasashen da wuta ta wadata an ga irin wannan ɗari-ɗari. A watan Janairun 2024 kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar da sayar da motocin lantarki kimanin 20,000 saboda tsadar gyara da faɗuwar darajarsu, Toyota kuma ya mayar da Camry ƙirar 2025 ruwa-biyu zalla a kasuwar Amurka. Motar ruwa-biyu ba ta neman kowa ya sauya al'adarsa: gidan man da aka saba shi za a je, sai dai jefi-jefi.

Duk da haka, masu iya magana sun ce kowane allazi da nasa amanu. Yawancin waɗannan motoci suna shigowa Nijeriya ne a matsayin tokumbo daga Amurka da Kanada, bayan sun ci shekaru a hannun wasu. Garantin da Toyota ke bayarwa kan batir a Amurka shekara 8 ne, aka ƙara shi zuwa 10 daga ƙirar 2020, saboda haka mota mai shekara goma sha biyu tana isowa Apapa ne ba tare da wata kariya ba. Zafi da ƙura kuma abokan gabar batir ne, musamman idan fankar da ke sanyaya shi ta toshe. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,500 a 2024, kuma da dala ake sayo batir. Sauyin batir guda yana iya lamushe tsimin shekara ɗaya ko fiye.

Bugu da ƙari akwai matsalar makanikai. Batirin Prius yana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt fiye da 200, wadda za ta iya halaka mai gyaran da bai san kanta ba. Gyaranta na bukatar na'urar bincike ta kwamfuta, ba kunne da sifana kawai ba. A Ladipo ta Legas da Apo ta Abuja ana samun waɗanda suka iya, amma wanda motarsa ta tsaya a ƙaramin gari yana iya kwana biyu yana jiran mai ja.

Waɗannan matsaloli ba su rushe hujjar sayen motar ba, illa dai sun nuna inda aiki yake. Mai saye ya nace a gwada masa lafiyar batir da na'ura kafin ya biya ko kwabo, ya kuma sa kuɗin sauya shi cikin lissafinsa tun farko. Masu jari su lura cewa akwai kasuwa a buɗe wajen shigo da batura masu garanti da kafa garejin gyaransu. Ita kuwa gwamnati, wadda ta ɗauke harajin VAT daga kan motocin lantarki da iskar gas ta CNG a 2024, ya kamata sassaucinta ya game motar ruwa-biyu ƙarara, bisa sharaɗin takardar shaidar lafiyar batir a tashar jiragen ruwa, domin kada ƙasar ta zama jujin matattun batura. Kwalejojin fasaha su ma su sa gyaranta cikin manhajarsu.

Ko shakka babu, wanda ya sayi wannan mota yana rage hayaƙi, kuma wannan alheri ne ga kowa. Amma ɗan kasuwar Nijeriya littafin shiga da fita yake dubawa. Muddin lita ta ci gaba da tsada, wuta kuma ba ta tsaya ba, motar ruwa-biyu za ta ci gaba da samun masu saye, kuma wanda ya auna tafiyarsa da batirinsa kafin ciniki shi ne zai ci ribarta.