Ruwan sama na Allah ne, gyaran gona na manomi ne

A duk shekarar da damana ta yi gardama, magana biyu ce ke yawo a bakin jama'a, daga kasuwar Maraɗi har zuwa ƙauyukan Adar da na Damagaram. Wasu na cewa abin da Allah ya rubuta babu mai kankare shi, zafin nema kuma ba ya kawo samu, saboda haka haƙuri shi ne magani. Wasu kuwa na cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kowace daga cikin maganganun nan tana da gaskiyarta. Abin da ya wajaba ga manomi da makiyayi da ma'aikacin hukuma shi ne su san gurbin kowacce, domin wanda ya sa haƙuri a wurin aiki zai kwana da yunwa, wanda kuma ya sa gardama a wurin haƙuri zai ɓata ƙarfinsa a banza.

Akwai abin da babu makawa sai an karɓe shi. Kimanin kashi biyu bisa uku na ƙasar Nijar hamada ce. Damana ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma ba sarki, ba gwamna, ba masani da ke iya sauko da ɗigon ruwa ɗaya daga sama. Fari tsohon baƙo ne a wannan ƙasa: kakanni sun ga yunwar Kakalaba a 1913 da 1914, iyaye sun ga farin 1973 wanda ya halaka dabbobi masu ɗimbin yawa, sannan na 1984 ya biyo baya, a 2005 kuma ƙarancin cimaka ya sake aukuwa bayan fari da fara. Tun 1961 hukuma ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga kiwo. Mutumin da ya haye wannan iyaka ya sassabe makiyaya don ya shuka hatsi, yana jayayya ne da halittar ƙasa, kuma sau da yawa ƙarshensa asarar iri da rigima da makiyaya.

Amma ba duk abin da ake jingina wa ƙaddara ne ƙaddara ba. Gonar da aka share ƙarƙaf aka ƙone kututturanta, iska ta kwashe ƙasarta, hannun mutum ne ya tsiraita ta. Ruwan da ya sauka a kan fako ya gudu cikin ƙorama bai shiga ƙasa ba, an ba da shi, riƙonsa ne aka kasa. Rumbun da aka sayar da hatsinsa da kaka don biki, aka koma sayen tiya da tsada a tsakiyar damana, shi ma ba sama ce ta wofinta shi ba.

Tarihin ƙasar nan ya nuna abin da ke yiwuwa idan aka bambanta waɗannan biyu. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin yankin Buza, don tare iska, gonakin da ke tsakanin layukan kuma suka ƙara amfani. A watan Mayu na 1984, zamanin shugaba Seyni Kunce, wakilan ƙasa baki ɗaya suka taru a Maraɗi suka yi muhawara a kan yaƙi da hamada, suka ɗauki alkawarin cewa aikin na kowa da kowa ne. A wannan shekara ce aikin raya karkara na Kaita ya soma, da taimakon ƙasar Italiya, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka aka gina shingayen tare ruwa, aka mai da fako gona. A yankin Illela manoma suka rungumi haƙa tassa da rabin wata, ramukan da ke riƙe ruwa da taki a gindin shuka. Masu binciken aikin gona na Tarna, kusa da Maraɗi, sun yaɗa irin hatsi mai saurin nuna wanda ya dace da gajeriyar damana.

Mafi girma daga cikin waɗannan ayyuka shi ne wanda ya fi arha, watau sassaben zamani. Tun daga 1983, a ƙauyukan Maraɗi, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki tare da manoma a kan wata dabara mai sauƙi: kututturen da ke tofo a gona kada a sare shi duka, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a raine su, a datse sauran. Saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ba ta bukatar ban ruwa ko shinge mai tsada. Bayan shekara ashirin, binciken masana ya nuna itatuwa kimanin miliyan 200 sun tashi a kan fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Da yawansu gawo ne, itacen da ke zubar da ganye da damana ya bar wa hatsi rana da taki, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da abinci. Babu ko ɗaya cikin manoman nan da ya ƙara kwana ɗaya a kan damana. Sun karɓi ruwan da aka ba su, suka gyara ƙasar da za ta karɓe shi.

A nan akwai darasi ga ma'aikatan hukuma. Shekaru da dama manomi yana ganin itacen gonarsa tamkar na gandun daji ne, yana tsoron tara, don haka ba ya rainonsa. Da aka sassauta, ya tabbata guminsa nasa ne, sai ya tashi tsaye. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina. Sau da yawa abin da ake kira mutuwar zuciyar talaka, rashin tabbas ne a kan amfanin wahalarsa. Wajibi ne ma'aikatan gandun daji da malaman gona da sarakunan gargajiya su kai wannan doka kowane ƙauye, cikin harshen da jama'a ke ji, waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci kuma su karanta wa maƙwabtansu.

Lokaci ba ya jira. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai a Nijar, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17, ƙasar kuwa ba ta ƙara faɗi ba. Addini bai hana tanadi ba, domin Annabi Yusuf ya tara hatsin shekarun wadata saboda shekarun fari, bai kuwa rasa tawakkali ba. Haƙuri na gaskiya shi ne na mutumin da ya haƙa tassa da rani, ya raini gawo, ya ajiye rabonsa a bankin cimaka na ƙauye, sa'an nan ya ɗaga hannu ya roƙi ruwa. Allah ya ba da damana mai albarka, ya kuma ba jama'a ƙarfin yin abin da ke hannunsu.