Lambar yabon tsofaffin ɗalibai: Da wane mudu ake awo?

Kusan duk ƙarshen shekara ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na makarantunmu sukan kama babban zaure, a gayyato manyan baƙi, a raba lambobin yabo. Alal haƙiƙa yabon gwani ya zama dole. Sai dai duk wanda ya saba halartar irin waɗannan tarurruka ya san cewa galibi masu mulki da masu hannu da shuni ne ake kira gaba, domin ana sa ran gudummawar da za su sanar kafin a tashi. Shi ya sa duk lokacin da aka ce yau wani jami'in gudanarwa na jami'a ne za a karrama, shugaban jami'a ne ko magatakarda ko ma'aji, ya kamata mu tsaya mu duba abin da ya sa ya cancanta.

A ganina ma'auni ɗaya ne: me ɗan talaka ya samu a zamaninsa? Mu ɗauki yaron da ya fito daga Kahu a ƙaramar hukumar Kibiya, ko daga Rurum a ƙasar Rano, wanda mahaifinsa ya sayar da buhunan masara kafin ya tara kuɗin rajista. Wannan yaro ba shi da kawu a ofishin ba da gurbin karatu, ba shi da wanda zai rubuta masa 'yar takarda. Gatansa kawai shi ne gaskiyar mutanen da ke zaune a waɗannan ofisoshi. Idan magatakarda ya tsare amana, makinsa zai ba shi gurbi, sakamakonsa zai fito a kan lokaci. Idan ma'aji ya riƙe amana, zai tarar da ruwa a ɗakin kwana da littattafai a laburare. Aiki ne da ba a cika ganinsa ba sai ranar da ya lalace.

Ba sai mun yi nisa wajen neman misali ba. Farfesa Attahiru Jega ya yi digirinsa na farko a Bayero, kuma shi ne shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU daga 1988 zuwa 1994. Yarjejeniyar da ƙungiyar ta ƙulla da gwamnatin soja a 1992 ita ta haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu, asusun da ya rikiɗe ya zama TETFund a 2011. Ɗakunan karatu da yawa da ɗalibai ke zama a ciki a yau daga wannan asusu suka fito. Ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 2005 zuwa 2010, ya riƙe hukumar zaɓe har 2015, sannan ya koma aji. Wanda ya gaje shi, Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, shi ma ɗan gida ne. Ya riƙe jami'ar daga 2010 zuwa 2015, ya shugabanci Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa daga 2016, kuma a 2023 ya ajiye muƙamin da kansa ya koma koyarwa a Kano. Irin wannan tarihi kowa na iya bin diddiginsa ya yanke hukunci da kansa.

Bin diddigin nan shi ne abin da ya yi ƙaranci a lambobinmu. Su kansu shugabannin jami'o'in ƙasar nan sun ga yadda digirin girmamawa ya zama kayan kasuwa, har suka cimma matsaya a Keffi a 2012 cewa a daina bai wa masu riƙe da muƙaman gwamnati. To me zai hana ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su ɗauki wannan darasi? A jira mutum ya sauka daga kujera kafin a karrama shi, domin yabon wanda ke da ikon ba da kwangila ko gurbin karatu ya fi kama da neman alfarma. A bayyana dalilan zaɓensa a rubuce. A kuma tambayi ɗalibai da ƙananan ma'aikata, tunda su ne suka ɗanɗana mulkinsa.

Bugu da ƙari, shi ma wanda aka karrama ya sani cewa bashi ya ɗauka. Babu farfesan da ya faɗo daga sama. Kowa daga wata firamare ya taso, kuma da dama daga cikin irin waɗannan makarantu a ƙauyukan Kano ta Kudu yara a ƙasa suke zama. Kuɗin da ake kashewa a walima ɗaya zai iya biya wa ɗalibai masu yawa kuɗin jarrabawar shiga jami'a. Ko a Rano akwai reshen Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano mai koyar da fasahar raya karkara, wanda ke buƙatar irin wannan kulawa daga 'ya'yan yankin da suka samu ɗaukaka.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da su tsare darajar lambobinsu, ta yadda idan aka kira sunan mutum a zaure, ɗalibin da ke bayan taga zai gyaɗa kai ya ce lallai an yi adalci. Allah Ya sa mu dace.