Soja Ba Ya Tsoron Dutse

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ake yawan yi a ɗakunan kwana, wai gwagwarmayar lumana aikin ragwaye ce, wai soja ba ya jin kira sai na bindiga. Ni kam na ce zancen wofi ne. Bindiga ai sana'ar soja ce. Wanda ya tare shi da dutse ko kwalbar fetur ya kai masa abin da yake nema, wato hujjar buɗe wuta.

Mu dubi Sudan. Ran 21 ga Oktoba 1964 'yan sanda suka afka wa taron ɗalibai a Jami'ar Khartoum, suka harbe Ahmad al-Ƙurashi. Lokacin nan Janar Ibrahim Abbud ya kusa shekara 6 bisa mulki. Ɗalibai ba su ɗauki makami ba, gawar ɗan'uwansu suka ɗauka, dubban jama'a suka rufa musu baya. Malaman jami'a suka ajiye aiki, alƙalai da lauyoyi suka fito, likitoci da ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki. Kafin mako ya zagayo Abbud ya rushe majalisarsa ta soja, cikin Nuwamba kuwa ya sauka. Tankar yaƙi tana share titi, amma ba ta shirya takardar albashi, ba ta yanke shari'a. Na sani, Numairi ya ƙwace mulki a 1969. To, shi ma yajin aiki ne ya girgiza kujerarsa a 1985.

Yanzu a kwatanta da Nijeriya a 1978, zamanin Janar Obasanjo. Ɗalibai suka yi bore kan ƙarin kobo 50 a kuɗin abincin yini, suna neman Kanar Ahmadu Ali ya bar kujerar ilmi. Aka zubar da jini a Legas da Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar NUNS. Jaruntaka ba ta gaza ba. Abin da ya gaza shi ne ofisoshi sun buɗe da safe kamar kullum, ba a yi yajin gama-gari ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka laifina yana kan wasu daga cikin yayyenmu ma'aikata. Jiya kuna cikinmu kuna ɗaga murya, yau an ba ku tebur da bashin mota, kun ce siyasa ba ruwan ma'aikaci. Shin dokar soja wa ke buga ta? Wa ke sa mata hatimi, ya kai ta gidan rediyo?