DAGA BAKIN ALLO: Leo Sarkisian Da Muryoyin Da Muke Bari Suna Ɓacewa

 

A watan jiya Allah ya yi wa wata tsohuwa rasuwa a zangonmu. Zabiya ce, kuma ta fi shekara 50 tana yi wa amare waƙar lalle. Uwata ma ita ta yi mata. Shekara biyu da suka wuce na je gaishe ta, na roƙe ta ta yi mini waƙoƙi uku, na ɗauka a wayata. Ban kwafe su a ko'ina ba, ina cewa sai an yi hutu, har aka zare mini wayar a cikin mota. Ranar sadakar bakwai na bi 'ya'yanta da jikokinta ina tambaya ko akwai mai muryarta a ajiye. Hotuna kam ga su nan birjik, amma murya babu. Da na sani ƙeya ce.

Wannan abu shi ya tuna mini da wani mutum wanda ya ƙare rayuwarsa wajen yin aikin da ni na kasa yi wa tsohuwa ɗaya. Sunansa Leo Sarkisian. Waɗanda suka taso da akwatin rediyo a zaure za su tuna da shirin Music Time in Africa da Muryar Amurka take watsawa da Turanci a ƙarshen mako. Mahaifina Sashen Hausa yake kamawa, in an gama labaru sai mu yara mu karɓe akwatin mu murɗa. Mun sha jin kiɗan, amma ba mu san mai haɗa shi ba.

An haifi Leo a 1921 a garin Lawrence cikin Jihar Massachusetts ta Amurka. Iyayensa Armeniyawa ne da suka yi ƙaura zuwa can, wato shi ma ɗan zango ne a ƙasarsu, ya tashi yana jin wani harshe a gida, wani a titi. Zane ya koya a makaranta, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu taswira yake zana wa sojoji. Bayan yaƙi wani kamfanin faifai mai suna Tempo ya ɗauke shi aiki, ya tura shi Afganistan da Pakistan ɗaukar kiɗan gargajiya. A 1958, shekara ɗaya bayan Gana ta sami mulkin kai, ya iso nan ƙasarmu da na'urorinsa. Daga nan ya wuce Gini, inda ya ɗauki kiɗan ƙungiyar Bembeya Jazz tun kafin sunanta ya game Afirka.

A Konakiri ne Edward R. Murrow, shugaban hukumar yaɗa labarai ta Amurka a lokacin, ya gamu da shi, ya nemi ya koma Muryar Amurka. Leo ya kama aiki a 1963 a Monrobiya ta Laberiya, kuma a 1965 aka fara watsa shirinsa. Ya zaga ƙasashen Afirka fiye da 30. A Ikko ya ɗauki Fela tun yana saurayi mai busa ƙaho. Bai ajiye aiki ba sai a 2012 yana da shekara 91, ya miƙa shirin ga Heather Maxwell. Ya rasu a 2018 yana da shekara 97.

To, mene ne aikin mai shirya shiri? Da yawanmu mun ɗauka wanda muke jin muryarsa shi ne mai shirin. Shekaru da dama muryar wata mata ce, Rita Rochelle, ake ji, amma Leo ne yake zaɓen kiɗa, ya rubuta bayani, ya tsara abin da zai zo farko da abin da zai rufe. Aikin yana farawa tun a filin kiɗa. Wanda ya taɓa ɗaukar kalangu a gidan biki ya san ganga takan danne murya. Dole mai ɗauka ya san inda zai tsayar da makirfo, ya matso da mawaƙi kusa, ya ja makaɗa baya kaɗan, ya bar 'yan amshi a inda za a ji su ba tare da sun rufe bakin ubangidansu ba. Sa'an nan ya yanke shawara a kan sauran ƙarar wurin. Guɗar mata da tafi da kukan jariri a goye, wani zai ce hayaniya ce, alhali su ne suke sa mai saurare ya ji kamar yana tsakar gidan. A zamanin zaren ɗaukar magana, da reza ake yanke wurin da ba a so, a liƙe bakin biyu da salatif. In hannu ya kuskure, kiɗa ya karye ke nan.

Amma abin da ya fi ba ni sha'awa, a matsayina na malamin makaranta, shi ne bayanin. Ba a sa waƙa haka kawai a wuce. Sai an faɗi mutanen da suke yin ta, da garinsu, da sunan abin kiɗan, da lokacin da ake yin ta, ko na noma ne, ko na aure, ko na fada. Ta haka yaro a Kumasi yake sanin akwai wani abu wai shi kora a Gini, ya kuma gane cewa gogen da yake rainawa a unguwarsu ana sauraronsa a wata duniya. Darasi ne sosai, sai dai babu allo babu bulala.

Kada a ce na cika yabo. Muryar Amurka gidan rediyon gwamnati ne, kuma a zamanin yaƙin cacar baki tsakanin Amurka da Rasha aka kafa shirin, don neman zukatan 'yan Afirka. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Haka kuma dubban zarurrukan da Leo ya tara, Jami'ar Michigan ce ta karɓe su tana mayar da su cikin kwamfuta. Mun gode da aka adana, amma jikan makaɗin da aka ɗauka a ƙauye ba lalle ya san hanyar da zai bi ya ji kakansa ba. Ga kuma abin da ya faru a watan Maris na 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatan gidan, shirye-shirye suka tsaya cak, har da Sashen Hausa wanda aka buɗe tun 1979. Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Mu a nan abin ya fi shafar mu. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma har gobe ana jin su, domin gidajen rediyo da masu kaset sun ɗauke su. Wa ya ɗauki zabiyoyin Nima da Sabon Zango da Aboabo? Wa ya ɗauki sanƙira yana shelar ɗaurin aure, ko 'yan tashe, ko tsoho mai ba da labarin fataken goro da hanyar Salaga? Hausarmu ta zango tana da nata ɗanɗano da nata kalmomi da ba za a same su a Kano ba. A ajina akwai yaran da suke jin Hausa amma da Turanci ko Tuwi suke ba da amsa. In tsofaffin nan suka ƙare, yaran ba su da wurin komawa.

Ga shawarata, kuma ba ta bukatar kuɗi. Leo da mota cike da kaya yake yawo, mu kuwa kowa da rakoda a aljihunsa. A je wurin tsoho ko tsohuwa da ladabi, a nemi izini. A kashe fanka, a rufe taga, a ajiye waya a kan tabarma ko matashi kusa da mai magana. Kafin a fara, a faɗi sunansa da garin da aka haife shi da kwanan wata, domin muryar da ba ta da suna rabinta ya ɓace. A tambaye shi wa ya koya masa, kuma yaushe ake yin waƙar. Sa'an nan, a daren ranar, a kwafe a wuri biyu ko uku. Wannan na ƙarshe shi ne inda ni na faɗi.

Ina kira ga sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa su naɗa wanda zai riƙa tattara abin da aka ɗauka. A Jami'ar Gana da ke Legon akwai ma'ajiyar sauti mai ɗauke da sunan marigayi Farfesa Kwabena Nketia, wanda shi ma ya zaga ƙasar nan yana ɗaukar kiɗa tun shekarun 1950. Ya kamata shugabanninmu su je su yi magana da su. Masu gabatar da shirin Hausa a tashoshin FM kuma, ko minti goma a mako ne, ku ba tsofaffinmu.

Ni dai na ba 'yan ajina aikin hutu: kowa ya kawo mini muryar kakarsa ko kakansa, da suna da kwanan wata. Abin da suka kawo, in Allah ya yarda, za ku ji labarinsa.

Allah ya jiƙan tsohuwar nan, ya gafarta wa magabatanmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.