Tsohon Magani, Sabon Aiki

A wannan wata za mu duba yadda maganin ciwon gaɓoɓi ya ceci masu ciwon huhu.

Cutar korona ta shigo Nijeriya ta Legas a Fabrairu 2020. Ran 28 ga Maris kuwa Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sanar ta kama shi a nan Kaduna. Ba a daɗe ba likitocin duniya suka lura da abin mamaki. Da yawa cikin waɗanda suka rasu, ba ƙwayar cutar kaɗai ta kashe su ba, har da garkuwar jikinsu. Kamar dai ɓarawo ne ya shiga gida, masu gadi suka cinna wa gidan wuta don su kore shi. Huhu ya kumbura, numfashi ya gagara.

Akwai wani sinadari cikin jini, sunansa IL-6, shi ne mai kaɗa gangar yaƙin nan. Dā ma akwai maganin da ke toshe kunnen jiki kada ya ji gangar, watau tocilizumab. A Japan aka ƙago shi, ana ba masu kumburin gaɓoɓi. Sai masanan Jami'ar Oksfod ta Ingila suka gwada shi a kan masu korona mai tsanani. Majiyyata 4,116 aka raba kashi biyu. Cikin kowane 100 da aka ba maganin, 31 suka rasu. Cikin waɗanda ba a ba su ba, 35 suka rasu. Watau mutum ɗaya ya tsira cikin kowane 25. A Yuli 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.

Amma fa mu lura. Wannan magani na wanda aka sa wa iskar oksijin ne, ta jijiya ake ba shi, tare da dexamethasone. Dukansu biyu kwantar da masu gadin jiki suke yi. Mai 'yar mura in ya sayi dexamethasone a kemis ya sha, ya buɗe wa wasu cututtuka ƙofa ke nan, har da tarin fuka.

Ba kowane tsohon magani ke cin jarrabawa ba. A Maris 2020 an kwantar da mutane a asibiti a Legas saboda shan kulorokwin fiye da kima. Daga baya masanan nan na Oksfod suka gwada ɗan'uwansa a kan masu korona, bai rage mutuwa ba.

Saboda haka, iyaye, in numfashi ya yi wa wani wuya a gida, kada a tsaya a kemis. A kai shi asibiti, kamar na Barau Dikko, likita ya duba.

Sai wata mai zuwa.