Kafin Kuɗin Akwati Su Zama Kuɗin Motar Tamanrasat

Ƴan uwa mata na ƙungiyoyin asusu na Tenhiya, da na Tanut da Balbeji: Hatsi ya shiga rumbu, wanda ya samu da yawa da wanda ya samu kaɗan. Kuma duk mun sani, daga yanzu har faɗuwar ruwa lokacin ɗaure kaya ne. Samari za su tafi cin rani, magidanta za su tafi biɗa. Abin da ya sa muka ɗauko maganar a wannan fitowa shi ne, yanzu ba maza kaɗai ke tafiya ba. Mace ma tana goya yaro, ta rataya jaka, ta tsaya bakin kwalta tana jiran motar arewa. Sau da yawa kuwa kuɗin motar daga akwatinmu suke fitowa, da sunan jarin ƙuli-ƙuli ko na sabulu.

Mu mutanen Damargu ba baƙin tafiya ba ne. Tun zamanin kakanni ta ƙasarmu ayari ke bi daga Kano da Damagaram zuwa Agadas, har Gat da Tarabulus. Geronmu ne Buzaye ke ɗora wa raƙuma su kai Bilma da Fashi, su dawo da gishiri da dabino. Amma ayari ba ya tashi a ɓoye. Yana da madugu, yana da jagaba wanda ya san rijiyoyi, an ƙidaya salka, an ƙidaya mutane, gari duka ya san ranar tashi da watan dawowa. Tafiyar da ke cinye mana mata a yau ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan.

Bari mu bi hanyar tun daga ƙofar gida, don wadda ba ta taɓa zuwa ba ta san abin da ake nufi in an ce "Aljeriya ce kawai, ga ta nan". Babbar hanya da ta fito daga Damagaram ta ratsa Bakin Birji da Tanut, ta wuce Adarbisanat ta shiga Agadas. Daga Agadas zuwa Arlit wajen kilomita 240 ne. Daga Arlit zuwa Asamaka, garin ƙarshe na Nijar, wajen kilomita 200 ne na hamada tsantsa, ba gari, ba inuwa. Ana ƙetare iyaka a shiga Ingizam, sa'an nan a ƙara wajen kilomita 400 kafin a ga Tamanrasat. Wannan lissafin na mai takarda ne, wanda zai bi ta gaban jami'ai. Wadda ba ta da takarda, direba ba zai bi da ita ta nan ba. Zai saki hanya ya yanki daji da dare don kar a gan shi, kuma a can in mota ta mutu babu mai wucewa.

Ba tatsuniya muke yi ba. A watan Oktoba na 2013 motoci biyu da suka tashi daga Arlit suka lalace a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya. Aka tsinci gawa 92: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su. Yawancinsu mutanen yankin Kance ne, a nan cikin jiharmu ta Damagaram. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Ku sake duba lissafin nan da kyau: fiye da rabi yara ne. Jikin yaro ba ya jure rashin ruwa kamar na babba, shi ke fara faɗuwa.

Wadda Allah ya kai lafiya kuma, wani abin na jiranta. Tamanrasat gari ne na kan tudu, a cikin duwatsun Ahaggar, tsayinsa wajen mita 1,400 bisa teku, kusan ninki uku na tsayin Tanut. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƴan biɗa suka fi yawa, sanyin dare a can ya fi hunturunmu cizo, wata rana har ya kusa daskarar da ruwa. Mai zane ɗaya da mayafi, wadda za ta kwana a kango ko a bakin shago da goyo, tari da ciwon haƙarƙari ne za su fara yi wa ɗanta sallama. Kuɗinsu dinari ne, sefarmu sai an canza. Maganarsu Larabci da Buzanci, in kin shiga asibiti ko ofishin ƴan sanda Hausa ba za ta fisshe ki ba.

Sai maganar doka, wadda ake yawan ruɗa mu da ita. A 2015 Nijar ta kafa dokar da ta hana safarar baƙin haure, aka riƙa kama direbobi da motocinsu a Agadas. A watan Nuwamba na 2023 aka soke wannan doka. Shi ya sa za ki ji ɗan kamasho na cewa "ai yanzu an buɗe hanya". Dokar Nijar aka soke, ta Aljeriya tana nan daram. Ɗan Nijar ba ya shiga Aljeriya sai da fasfo da biza, katin ɗan ƙasa kaɗai ba ya isa. Tun Disamba 2014 ake kwaso ƴan Nijar daga can a manyan motoci ana saukewa a Asamaka. Waɗansu baƙin ma a wani fili da ake kira Fuwan Zero ake zubar da su, su tako kilomita 15 a ƙasa kafin su ga ruwa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya mutum sama da 30,000 da aka koro ta wannan hanya a shekarar 2024 kaɗai. Wadda aka kama a titi ba a ba ta damar komawa ta ɗauko ƙullinta. Abin da ta tara wata biyar yana can, ita tana nan.

Tafiya da jaka a baya a ƙetare iyaka ba mu kaɗai ke yin ta ba a duniya. A Kudancin Amurka matasa masu yawon buɗe ido na shiga motar haya daga ƙasar Peru su ƙetara Bolibiya, su sauka a wani ƙaramin gari mai suna Kofakabana a bakin tafkin Titikaka, mai tsayin mita 3,800 da ɗoriya, inda iska ba ta da kauri har baƙo kan yi ciwon kai da haki. Su da kuɗinsu, don nishaɗi suke zuwa, amma duk da haka ba sa tashi sai da abu huɗu: fasfo da hatimin iyaka, kuɗin dawowa, rigar sanyi, da wani a gida wanda ya san inda suke kwana. To in mai kuɗi da ke tafiyar wasa yana wannan shiri, ina ga mu da ke tafiyar neman abinci da yara a baya?

Yanzu mu dawo kan tabarmar taro. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, ƙarfin asusu ɗaya ne: komai a fili. Akwati da kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Rancen tafiyar ɓoye yana karya wannan. Mu yi lissafi. Ƙungiya mai mata 25, kowa na zuba dala ɗari a mako, zubin mako guda jika 12 da rabi ne. Wadda ta ɗauki jika 50 ta ɗauki zubin mako huɗu na kowa da kowa. In ƙa'idarku kashi 10 cikin 100 ce a wata, jika 5 ke hawa kanta duk wata. Wata shida a waje, bashin ya zama jika 80. In an koro ta hannu wofi, wa zai biya? Akuyarta za a sayar, ko ta uwarta. Ko kuma ranar rabo kowace mace ta koma gida da ƙasa da abin da ta zuba, a fara gaba tsakanin maƙwabta. Mun ga ƙungiyoyin da irin wannan ta watsa.

Ba mu ce a kama kowa a ɗaure ba. Wadda rumbunta ya ƙare tun watan uku, miji ya tafi ba aike, ba za a ce mata "yi haƙuri" kawai a tashi taro ba. Ga shawarar da muke kawo wa ƙungiyoyi, kowace ta duba ta ga abin da za ta iya sa wa cikin dokarta.

Na farko, mai neman rance ta faɗi gaskiyar abin da za ta yi da shi, kuma a daina yi wa wadda ta ce tafiya take so dariya ko gori. Gorin ne ke sa ta ɓoye. In ta faɗa, a ba ta mako guda, mata biyu su zauna da ita su ga ko akwai abin da zai riƙe ta a gida. Jika 50 ɗin nan, in aka sayi ɗan rago aka turke tun yanzu, kafin Layya ya zama kuɗi. In aka sayi gero da kaka aka ajiye, da bazara ya yi daraja. Masu shanu a cikinmu sun san cuku ba ya kwana a kasuwar Tanut. Ribar ba ta kai abin da ake ba da labari a Tamanrasat ba, amma tana shigowa hannu, kuma yara na lakwal.

Na biyu, kuɗin akwati kar su biya motar da za ta saki hanya ta yanki daji. Wannan a rubuta shi, a karanta wa kowa. Tafiyar fatauci zuwa Damagaram, Maradi ko Kano da takardu a hannu daban take, ana iya ba da rance a kanta.

Na uku, yaro ba kayan aro ba ne. Akwai masu zuwa su ce ki ba su ɗanki su tafi da shi bara, za a riƙa aiko miki. Ƴar uwa, kar ki yarda, ko da ƙanwar uwarki ce ta zo. Kuma duk ƴar ƙungiyar da ta ji ana wannan ciniki a unguwa, ta gaya wa shugaba, shugaba ta kai wa mai gari.

Na huɗu, wadda ta ce lalle sai ta tafi da kuɗinta, ba mu da ikon hana ta, amma kar ta tafi mu ba mu sani ba. Yadda makullan akwati ke hannun mata uku, haka mata uku su san ranar tashinta, tashar da za ta hau, lambar mota da lambar wayar wanda za ta sauka wurinsa. A sa ranar da za ta kira. In ranar ta wuce shiru, a je wurin jandarma tun da wuri, kar a jira wata ya zagayo. Ta bar yara a gida, ƙungiya ta san wanda zai riƙe su. A kuma daidaita maganar zubinta kafin ta tafi: wa zai zuba mata, ko a tsayar da rabonta inda ya tsaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa a neme su tun yanzu. Wadda ba a yi wa tun tana jaririya ba, ana yi mata ta hanyar kotu. A ɗauki hotonsu a bar kwafi ɗaya a gida. Lambobin waya a rubuta a takarda a ɗinke cikin lalita, don salula na mutuwa, ana kuma ƙwacewa. Ruwa kuwa ki riƙe jarkarki da kanki, kar ki dogara da na direba, kuma ki ɗauki na kwanakin da suka ninka abin da aka ce miki. Ki riƙe sukari da gishiri: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, shi ne ke tsayar da wanda zawo ko zafi ya busar. Bargo da rigar sanyi su shiga jaka kafin atamfa. Wadda ta maƙale a hanya ta sani hukumar OIM na da wuraren saukar baƙi a Asamaka, Arlit da Agadas, kuma ba a biyan kuɗi.

Na ƙarshe, wadda ta dawo hannu wofi a karɓe ta. Kuɗin taimako da muke warewa don haihuwa da rasuwa, ita ma ta cancanci a ɗebar mata mudun gero daga ciki. A shimfiɗa mata bashinta kaɗan-kaɗan, a bar ta ta zauna a tabarma. In muka kore ta, motar farko da ta samu za ta sake hawa. In muka zaunar da ita, bakinta zai gaya wa ƴan matanmu abin da ke bayan Arlit fiye da duk abin da muka rubuta a nan.

Shugabanni da magatakarda, a karanta wannan da ƙarfi a taron mako mai zuwa saboda waɗanda ba su yi yaƙi da jahilci ba tukuna. Ku tattauna, ku aiko mana da abin da ƙungiyarku ta yanke, za mu sa a fitowa ta gaba.